Jar Rigar da Yaya Ya Kawo

Wanda bai zauna Jos a ƙarshen shekarun saba'in ba, kada ma ya buɗe baki ya ce ya san sanyi. Ruwan buta kan kwana ya tashi yana cizon yatsu. A cikin wannan sanyin Baba yake saɓa bindigarsa ta toka da asuba, ya tafi farautar gada a duwatsun bayan Vom, alhali aikin ramin kuza ya riga ya cinye masa ƙirji. Likita ya faɗa mana ƙiri-ƙiri cewa in sanyi ya sake kama huhun nan, sai dai wani ikon Allah. Hana Baba shiga daji kuwa babu mahalukin da ya isa.

Ni a lokacin aurena ya mutu, na dawo gida ina ɗan ɗinkina. Da na ga magiya ba ta ci ba, sai na tasa shi gaba har layin 'yan gwanjo a kasuwar Terminus, na ce yau ko ni ko shi, sai an sayi rigar sanyi.

Mun kusa yini. Kowace riga Baba ya ɗaga sai ya kai ta kusa da kunne, ya goga hannunta a jikinta, ya saurara, ya ajiye. Mai kayan, wani Bayarabe mai fara'a, ya gaji ya ce, "Baba, riga kana saya ne ko rediyo?" Baba ya ce, "Gada ba ta da sana'a sai sauraro. In riga ta yi tari, gada ta tafi." Can ƙasan tarin muka zaƙulo wata ta ulu, ruwan ƙasa, cikinta gashi buzu-buzu kamar bayan tunkiya. Ya goga, shiru. Ya sake gogawa, shiru. Na cire maɓallan ƙarfen don kada su riƙa bugun bindiga, na ɗinka mata igiyoyin yadi, shi kuma ya rataye ta a madafa hayaƙi ya kashe warin gwanjon. Makonnin da ya yi yana sa ta, wallahi har tarin ya lafa.

Sai ga Yaya ya dawo daga kwas a ƙasar waje. Shi ne ɗan farin gidanmu, babban ma'aikaci, da mota da direba, kowa oga oga. Ya zo da tsaraba: jar riga ta nailan, tana walƙiya, zif har wuya. Ko numfashi ka yi a cikinta sai ta ce shaf. Idonsa ya faɗa kan ta ulun, ya ɗaga ta da yatsu biyu.

"Ina raye ubana zai sa kayan matattun Turawa? Haba!"

Na ce, "Yaya, taka ɗin nan ƙara take yi, ba ta shiga daji."

Ya ce, "Ke kuma a su wa?" Ya miƙa wa direba rigar, ya ce a fita da ita.

Baba yana zaune, kansa a ƙasa. A gidanmu kunyar ɗan fari ba wasa ba ce. Tun da aka haifi Yaya, Baba bai taɓa kiran sunansa ba, sai dai "mutumin nan". Ba ya haɗa ido da shi, ba ya yi masa musu, balle ya roƙe shi abu. Ya juya fuska wajen bango ya ce, "Allah ya yi albarka." Shi ke nan, magana ta ƙare.

Bayan motar ta tashi na ce, "Baba, ka aika a karɓo maka mana."

Ya ce, "Ni in aika wa mutumin nan ya dawo mini da tsumma? Ina kunya ta tafi?"

Na bi sawun direban da kaina, ya ce ya ba wani mai dako a Tina Junction. Na koma Terminus, Bayaraben ya ce dilar ta ƙare, saura na nailan da 'yan suwaita shara-shara. Na dawo gida ina tsine wa kwas da wanda ya ƙirƙiro shi.

Kullum da asuba ina jin Baba daga ɗakina, shaf-shaf-shaf har zaure. Sai in ce to, gada dai ta gudu in ta ga dama, ƙirjinsa a rufe yake. Ba a jima ba zazzaɓi ya kayar da shi, ciwon haƙarƙari ya biyo baya. Kafin sanyin shekarar ya fita mun kai shi makwancinsa.

Ranar uku abokin farautarsa, wani dattijo ɗan Birom daga Vom, ya zo gaisuwa. Ya ja ni gefe ya ce, "Yarinya, wannan jan riga, babanki bai taɓa hawa dutse da shi ba. Muna kai gindin dutse zai cire, ya naɗe a buhu, ya hau da 'yar shara. Na yi faɗa na gaji. Ya ce kada yayanki ya ji."

 Haushin Yaya nake ji, haushin Baba ya fi, har yau kuma ban huce ba.

Ranar bakwai aka fito da kayan mamaci a tsakar gida. Yaya ya ɗaga jar rigar a gaban dangi ya ce, "Ku duba, sabuwa fil! Abu mai aminci ke nan. Alhamdu lillahi, ko ba komai ban bar shi da sanyi ba." Gwaggonni suna ta "Allah ya saka, ɗan albarka."

Na buɗe baki. Inna, mahaifiyarmu, tana kusa da ni, ta matse mini cinya har sai da na ji farcenta. Ba ta ko dube ni ba ta ce a hankali, "Shi ya rufa masa asiri, ke ce za ki tona?"

Ashe ta sani. Ita ce take miƙa masa buhun kullum da asuba.