Zanen da ke Fuskar Inna

A Mina aka kama yayana, yana tura wata tsohuwa a keke zuwa wajen jifa. Ba shi da iƙama, takardar izinin zama. Babu mai ita a gidanmu na unguwar Hindawiyya a Makka. Kakanmu da ƙafa ya taso daga ƙasar Hausa, aka haifi babanmu a hanya, kuma ranar da kakan ya iso Makka ya ƙone takardunsa da hannunsa, wai ya zo ke nan, a nan zai mutu. Ya kuwa samu abin da yake so. Allah ya jiƙansa, amma har yau in na tuna ashanar nan sai raina ya ɓaci.

Aka kai Yaya tarhil, inda ake tara waɗanda za a mayar ƙasashensu. Mai ƙasa yakan yi 'yan makonni a sa shi a jirgi. Shi kuwa alhazai suka watse, wani azumin ya zagayo, yana ciki. Ba za a sake shi ba, kuma ba za a fitar da shi ba sai wata ƙasa ta ce nata ne.

Ni ce na yi ta sintiri zuwa Jidda, ina ratsa shingayen 'yan sanda ba takarda. Ofishin ƙasar kakanmu suka ce dokarsu ba ta san ɗan ƙasa da baki ba, in je ofishin ƙasar da aka haifi babanmu. Can suka ce wucewa kawai muka yi. Na ukun ko kujera ba su nuna mini ba. Kowa da dokarsa, mutum mai rai da hanci suna tura wa juna shi kamar kwanon da ba a wanke ba. Na ji haushi har na daina gaishe su.

Inna, mahaifiyarmu, ce ta ce in kai ta. Ita a ƙauye aka haife ta, aka yi mata zanen gidansu a kumatu kafin a goyo ta zuwa nan. Mu ta hana wanzami ya taɓa mu, don kada fuskarmu ta tona mana asiri a titi. Tun da aka yi mata aure kuma, wani namiji bare bai taɓa ganin fuskarta ba.

Muka koma ofishin farko. Jami'in, wani dattijo mai furfura, ya ce, "Hajiya, ba takarda, ba shaida. Me zan rubuta?"

Inna ta ce, "Ɗana, waraƙa kam mafi, ba ni da takarda. Wannan ce kawai gare ni."

Ta ɗaga niƙabinta. Ni na kasa kallonta, na kalli tabarmar ƙasa don kunya da tausayi. Mutumin ya dubi zanen, sannan ya ambaci sunan wani gari, ya ce kakarsa ma irin wannan zanen ne da ita. Ya jawo takarda ya rubuta cewa Yaya ɗan ƙasarsu ne.

A mota har guɗa na so in yi. Sai da muka kusa gida na gane abin da muke wa murna.

Bayan Babbar Salla aka sa shi a jirgi zuwa ƙasar da bai taɓa gani ba, da Hausarsa rabi Larabci, da tambarin hana dawowa. Ba mu samu mun yi sallama ba. Da ya kira, ya ce a tasha yake kwana, mutane na ce masa Balarabe.

Inna ta karɓi wayar ta ce, "Kaif halak, ɗan nan? Ka ci abinci?" Ya ce ya ci. Mu duka mun san ƙarya yake yi.

Da ta ajiye wayar sai ta shafa kumatunta ta ce, "Na hana a yi masa don kada a kore shi. Ashe da nawa za a kore shi."

Ni ce kuma na kai ta ofishin.