Inda Aka Bar Inna a Bakin Teku

Shekara huɗu ke nan da rasuwar kakata, Hajiya Tabawa, amma har yau in zan hau saman gidanmu na unguwar Anbariyya a Madina sai na gyara mayafi. Tun ranar da na gaya mata akwai taurarin ɗan'adam masu ɗaukar hoton duniya, ba ta ƙara hawa shanyar kuɓewa ba sai da lulluɓi uku. "'Yan sa ido har a sama?" in ji ta.

Makon jiya malamarmu ta ce ana shirin harba wasu sababbi, jeri guda, su riƙa duban yanayi da gaɓar teku, su ga inda ruwa ke cin ƙasa. Duk aji ana hamma, ni kuwa Kaka ce ta faɗo mini a rai.

Da tana raye, na san da faɗa za ta fara. Daga baya ta jawo ni ta ce a tambayi taurarin labarin Inna, mahaifiyarta. Kaka tana yarinya suka taho hajji ta ƙasa, Inna ta rasu suna jiran jirgin ruwa a gaɓar Sudan. Aka binne ta dab da ruwa, aka jera duwatsu, aka tsallako. Kaka ta tsufa a Madina, garin da ko kududdufi sai an yi sa'a, kullum tana fargabar kada teku ya cinye kabarin nan.

Sunan wurin kuwa ta faɗa mini ya fi sau miliyan. Tana faɗa da Hausa, ni ina danna waya ina ce mata da Larabci "Tayyib, ya Sitti," wato "To, Kaka." Yanzu Baba ya manta, Umma ta ce ya kwanta mata. Taurarin za su ga gaɓar kaf, amma ina za mu ce su duba?

Kayanta an rabar, ƙamshin turarenta ya bar ɗakin. Fargabar nan ce kawai ta rage, kuma a kaina ta sauka.

Cikin waɗanda suka tsallako tare saura mutum ɗaya, Hajiya Dije ta unguwar Ranuna. Jiya na kira ta, na fara da Larabci, ta katse ni.

"Ke jikar Tabawa, da Hausa aka binne ta, da Hausa za ki tambaya. Ki zo Juma'a da dabino mai laushi, ba ni da haƙori. Kuma kada ki daɗe, 'yar nan, ni ma sunayen sun fara guduna."

Allah ya jiƙan Kaka da Inna, ya kai mu Juma'a.