Farin Fili a Tsakiyar Taswira

Mai shagon buga takardu bai san ta ba, amma idonsa ya ƙi barinta. Tana tsaye gaban inji, yatsunta duk tawada, tana jujjuya ƙwayar lido a tafin hannu, hankalinta na can wata duniya. Takalminta ya sha tafiya. Yana zaton aikin ofis ta ajiye saboda wannan, kuma har yau ba a huce da ita a gida ba.

Wasa take ƙirƙira don sayarwa: mutane su kewaye tebur, kowa ya zama wani a cikin labari, ƙwaya ta yanke abin da zai same shi. Taswirar ƙasar wasan ce ke fitowa yanzu da ɗuminta, ga koguna masu gudu sama, ga gari a kan bayan kunkuru. Tsakiyarta kuwa fari fat.

Mai shagon ya ce, "Malama, inji ya yi tsallake. Bari a sake."

Ta dafe takardar. "A'a, Malam, ni na bar wurin. In na cike ko'ina, ina masu wasa za su sa nasu? Kai me kake gani a nan?"

"Takarda," in ji shi, yana dariya.

Ta naɗe taswirarta ta fita. Ya ɗauki kwafin gwaji zai jefa a shara, sai ya tsaya. A farin filin nan, ga bishiyar ƙofar gidansu da aka sare tun yana yaro, har da inuwarta.