Ledata a Firizar Hajiya

Ana saura mako guda azumi, wata 'yar ajinmu a koleji ta ce mu haɗu gidansu ran Asabar mu naɗa nem, wato nama da ake naɗewa cikin siririyar fatar fulawa, mu ajiye a firiza, ranar shan ruwan farko sai suya kawai. Mu biyu ta kira: ni da wata doguwa da babanta ke aikin siminti a Malbaza. Ina jin ta sa da ni ne don littafina na lissafi take kwafa.

Aka raba kaya. Ita fulawa da mai, doguwar niƙaƙƙen nama da kabeji, ni ƙwai da albasa. Da na faɗa wa Inna, ta daɗe tana kallon akurki. Kazarmu ta kusa kwanci. Ta kwashe ƙwan duka ta jera mini a kwano kan dusa. Na ce mata bana da nem za ta buɗe baki, abin da ba ta taɓa ci ba. Ta yi murmushi ta ce Allah ya kai mu.

Gidan su 'yar ajinmu a Konni har ɗakin girki akwai tayil. Na bar takalmana tun bakin ƙofa. Muka dama fulawa ruwa-ruwa, muna shafawa a kasko da tafin hannu, fatar na tashi siririya har kana hango yatsunka. A zuba haɗi cokali guda, a lanƙwasa gefe da gefe, a naɗe, a liƙe bakin da kwaɓin fulawa. Na doguwar duk sun yi ciki.

"Ke, wanga nem ne ko matashin kai?" in ji 'yar gidan.

"Bari, masu azumi nike tausayi," in ji doguwar. "Dubi na malama, kamar da ma'auni ta yi su."

Malama ni ce. Na sunkuyar da kai, amma na ji daɗi. Muka barbaɗe su da fulawa don kada su manne, aka kasa uku. Su biyun suka rubuta sunansu a leda. Ni biron ya ƙi rubutu, sai na ƙulle tawa da zare.

Ranar farko ta azumi, bayan la'asar, na je karɓa. Na tarar da yara a ƙofa da kuloli, ana sayar da ƙanƙara. Hajiya, uwar 'yar ajin namu, na zaune kusa da firiza. Na durƙusa na gaishe ta.

"Au, mai ledar zare. Ɗiyata, wuri ya yi muna kaɗan, ƙanƙara ta cinye. Kwana biyu muka fitar da ita, jiya aka maida."

Ta ɗaga murfin. A kusurwa na ga ledoji biyu masu suna, sun yi fari fat da sanyi, ba wanda ya taɓa su. Tawa tana can sama. Nem ɗin sun narke sun sake daskarewa, sun zama dunƙule guda, ruwan kabeji ya taru rawaya a gindin ledar. 'Yar ajinmu tana tsaye tana latsa waya. Ba ta ɗago ba.

Na sa hannu biyu na karɓa.

A hanya ledar ta yi ta ɗiga a zanena. Kafin in kai gida tsamin ya fara fitowa. Na tarar Inna ta hura wuta, ta aro kasko mai zurfi wurin maƙwabciya, mai har ya fara zafi. Ta kwance zaren, ta kai hanci, ta mayar ta ƙulle. Ta sauke kaskon ta ɗora tukunyar kunu.

"Kin yi wa Hajiya godiya?"

"Na yi."

"To," ta ce, ta miƙo mini muciya.