Riɗin Hanya

Kakan Abdulmuminu ya baro ƙasar Hausa a ƙafa da niyyar hajji. Ya yada zango a Gadarif don ya nemi guzuri, bai ƙara gaba ba har ya rasu. Zuriyarsa kuwa ba ta taɓa yarda cewa tafiyar ta ƙare ba. Duk kaka, in an karkaɗe riɗi, sai a ware wani kaso a ce na hanya ne. Ba a cinsa, ba a ba da shi rance. A sayar a adana, tsadar rayuwa ta lashe kuɗin, a sake tarawa.

A kan wannan al'ada Abdulmuminu ya manyanta. Mutum ne mai yawan shiru, yana noman gonar haya ta wajen Fashaga. In iska ta bi ta kan riɗi yana fure, yakan tsaya ya zuba ido, gonar ta koma masa tekun da bai taɓa gani ba, har ya hango jirgi yana jiransa can ƙarshen kunya.

A kakar bara, yana tsayar da dammunan riɗi, ƙirjinsa ya ɗaure, ƙasa ta juya masa. A asibiti ya farfaɗo. Likita ya ce zuciya ce. Ba mutuwar ce ta tsorata shi ba. Matarsa Sabuwa ya tuna, da 'yarsu Zahra'u da ke makaranta, da gonar da mai ita zai karɓe ranar da ya kwanta dama.

Da ya sami sauƙi ya nufi ofishin inshorar takaful, wadda mutanen gari ke kira ta'amin. Ma'aikaciyar wurin, Fatin, tana cikin waɗanda yaƙi ya koro daga Khartum. Ta duba bayanin likita ta ɗago kai.

"Baba, ba zan ɓoye maka ba. Da kafin ciwon ka zo, da abin ya zo da sauƙi. Za su karɓe ka, amma kuɗin shekara zai yi nauyi."

Babu abin da zai ɗauki nauyin nan sai riɗin hanya.

Ya tarar da Sabuwa tana yin kisra, wainar dawa marar kauri, a tsakar gida, ya zauna ya faɗa mata.

"To me kake jira, Malam?"

"Amana ce. Daga kakana ta zo."

"Kakanka ya tara, babanka ya tara, Makka ta matso ne?" Ta ɗaga kisrar daga tanda. "Mu da Zahra'u fa? Kayan aro ne?"

Ya daɗe yana kallon hayaƙi yana hawa.

Da safe ya sa aka loda buhunan riɗin hanya na wannan kakar a keken jaki zuwa kasuwar amfanin gona. Daga can ya wuce wurin Fatin. Da ta tambayi sunayen waɗanda za a biya bayansa, ya faɗe su a hankali, ɗaya bayan ɗaya.

Ya komo gida a ƙafa, sannu-sannu kamar yadda likita ya umarta. A bakin ƙofa ya lura dannin gidan ya karkace tun ba yau ba. Ya kira Zahra'u ta kawo masa igiya.