Gudun da aka kulle mini a BIOS

Tun shekarar da na bar koyarwa na koma haɗa bidiyon biki nake jin haushin mai shagon da ya sayar mini da kwamfutar tebur a Kano. Ya rantse tana gudu, ya ce kada in taɓa BIOS, wato wurin saitin can cikin kwamfuta. Bidiyon biki ɗaya sai ta yini tana cijewa.

Jiya na shiga BIOS ɗin da kaina. XMP, saitin da ke sakar wa ma'adanar RAM gudu, a kashe yake! Na kunna, ta tafi sumul.

Maƙwabcina Alhaji ya leƙo: "Malam, sabuwa ka sayo?"

"Tsohuwar ce, wadda ka ce in ba 'yan gwangwan."

Ku duba taku, ku faɗa mini. Ni dai masu bikin Dungas da suka ba ni aikin bidiyonsu tuni suka gaji da jira suka koma wurin wani.