Ina Gajiya?

A garinmu idan aka ce maka "ina gajiya?" amsa ɗaya ce: "Ba gajiya." Ko da kuwa jan ciki kake yi. Wannan gaisuwar na daga cikin abin da ya raba ni da gonata.

Abin ya fara ne da zazzaɓi, a shekarun nan da taki ya gagari talaka, ruwa kuma ya riƙa ɗaukewa tun gero bai yi ido ba. Zazzaɓin ya tafi, ƙarfina bai dawo ba. Na hau mota zuwa Ɗambatta, aka ɗebi jinina aka duba, aka ce ba a ga komai ba. Ni kuwa buta ma in na ɗaga sai na yi haki.

Abin takaicin, ciwon ba ya kayar da ni a gaban mutane. Zan iya noma kunya biyu yau, kowa ya gani ya ce ai ga shi nan ya warware. Washegari ko jibi sai jiki ya rama: kai na sarawa, gaɓoɓi kamar an daka, ko juyi sai Inna ta kama ni. Wannan a ɗaki ake yinsa, ba mai shaida sai ita.

Daga nan tsoro ya shige ni. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma gudu yake. Na fara da gudun fartanya, na koma gudun guga, har masallacin Juma'a ya yi min nisa. Ƙafafuna suka sirance da zama. Na san zaman ma yana cina, amma kwanciyar da ke bin bayan motsi ta fi ba ni tsoro.

Gonata rabona ce daga gadon Baba, tana manne da ta yayana, gamba ce kawai ta raba mu. A wajenmu ƙasa ta yi wa mutane kaɗan, ba a zuba wa gona ido ciyawa ta cinye. Shi ya yi min shuka a waccan daminar, ya kuma faɗa min gaba da gaba: in ban fito noman farko ba, zai haɗe ta da tasa. Gayya kuwa ba ta kirawuwa, don wanda bai je ta wani ba, wa zai zo tasa?

Wata safiya yayana ya same ni a ƙofar gida, maƙwabta na zaune. Ya ce, "Ina kwana, ina gajiya?"

Na riga na ƙudurta zan faɗi gaskiya. Na ce, "Akwai gajiya, Yaya. Tana nema ta kashe ni."

Wallahi dariya aka yi. Wani maƙwabci ya ce, "Gajiyar me, ta tabarma?" Yayana ya ce ko gaisuwa ma na ragwance da amsawa. Na ji kamar in rufe su da duka, sai dai ina ƙarfin?

Kashegari ya sake tambaya, na ce ba gajiya. Ya ce, "Madalla. Tunda ba gajiya, ɗauko fartanya."

Na ɗauka, na bi shi har bakin gona. Ciyawa ta kai gwiwa, gerona ya yi rawaya a cikinta. Na kama ƙota, na sunkuya, sai ɗakin nan ya faɗo min a rai, da Inna tana juya ni. Na miƙe tsaye. Ko sara ɗaya ban yi ba, na juya gida yana kallona.

Kafin kaka ya tuge gambar.

Har yau ba ya rowa, in an yi girbi yakan aiko min da dami, in ci geron gonata in yi godiya. Kullum da safe ta ƙofata yake bi zai tafi can, fartanya a kafaɗa. Ya ce, "Ina gajiya?"

In ce, "Ba gajiya."